Hancin da Aka Ɗaure a Leda

Shekara goma sha tara Uwar Kaji ta yi tana aiki a gonar kajin da ke bayan gari, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda zai ce ya taɓa ganin ta zaune har shayi ya huce. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, tafiyarta kullum kamar wadda ta bar tukunya a kan wuta. Abokan aiki ne suka laƙaba mata sunan, ya bi ta har gida, har jikarta ta ɗauka ba ta da wani.

Da goyon autarta ta shiga gonar, shekarar da maigidanta, direban babbar mota, ya yi haɗari ya dawo gida da ƙafar da ba ta lanƙwasuwa. Wanke mazubin ruwa ta fara, daga nan turin baro, har aka damƙa mata ɗaki na uku ita kaɗai, kajin nama dubu biyu a kan dusar katako. Da wannan aiki ta riƙe gida, ta sa yara huɗu a makaranta. In aka kore ta yau, ba wanda zai ɗauki mace mai shekara hamsin da uku da tari a ƙirji. Ita ma ta san haka sarai.

Duk wanda bai taɓa shiga ɗakin kaji da damina ba, bai san zarni ba. In kashin kaji ya haɗu da danshi a cikin dusa, wata iska ke tashi mai yaji, wadda masu ilimi ke kira amoniya. Tana cin ido, tana cin maƙogwaro, tana kama tufafi ta ƙi saki. A motar haya mutane matsawa suke yi su bar wa Uwar Kaji wurin mutum biyu. Takan ce ita ce kaɗai talakar da ke tafiya a wadace. Hancinta kuwa ya mutu tun tuni, ba ta jin zarnin ko kaɗan. Idanunta ne suka rage. In suka fara ruwa ta san iskar ɗaki ta ɓaci, sai ta ɗaga labulen tamfol na gefe, iska ta ratsa.

A farkon daminar bana aka kawo na'urorin. Wata injiniya daga jami'a ce ta zo da su, 'yar siririya mai tabarau, ta shige ofishin Manaja aka rufe ƙofa. Awa guda suna ciki, fanka na kaɗa su, tana bayani. Matan da ke kwana su tashi cikin zarnin suna waje da manjagara a hannu, ba wanda ya ce su leƙo. Abin da ya iso gare su gutsure ne, daga bakin mai gadi. Wai a cikin abin akwai wani ɓawo da ake kira girafin, ɗan'uwan baƙin da ke cikin fensir, amma siriri ainun, ido ba ya ganin kaurinsa. Wai in amoniya ta taɓa shi, wutar da ke ratsa shi sai ta canza, lamba ta hau. Wai kuma yana da tsada, duk wadda ta lalata shi ta kuka da kanta. Wannan na ƙarshen shi kowa ya riƙe.

Injiniya ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure kowace na'ura a jikin ginshiƙin tsakiya, ƙasa ƙasa, daidai kan kaza. Ta ce wa Uwar Kaji, "Sannu da aiki, Mama," ta tafi. Iyakar darasin ke nan.

Fari ne abin, bai fi sabulun wanki girma ba, da ɗan gilashi mai nuna lamba da fitila kore. Kafin la'asar kaji sun mai da shi wurin wasa. Wannan ta tsattsaga, waccan ta hau, wata ta juya baya ta yi masa ado. Uwar Kaji ta goge sau uku, a na huɗu ranta ya ɓaci. Ita da rediyon ɗakinta ya shekara goma sha biyu da mayafinsa, ita da abin canza tashar talabijin ɗinta har yau yana cikin ledar da aka sayo shi, a ce abu mai tsada ya kwana a ƙasa cikin kashi? Ta ce a ranta, yaran jami'a sun iya ƙera abu, ba su iya riƙe shi ba. Ta kwance na'urar, ta wanke hannu, ta samo farar leda sabuwa ta zura ta ciki, ta ɗaure bakin tamau da zare. Ta hau tsani ta buga ƙusa a bango kusa da ƙofa, sama da kanta, inda ba kaza ba ruwa. Lamba na fitowa tar ta cikin ledar. Ta ja da baya ta duba, ta ji daɗin kanta.

Washegari Manaja ya zo zagaye. Saurayi ne mai son farin takalmi, kuma farin takalmi ba ya shiri da ɗakin kaji. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga kai, ya ga lamba huɗu da fitila kore daidai fuskarsa.

Ya ce, "Yawwa, Mama. Ke kam kin iya tsafta."

Sannan ya karanta mata sabuwar doka. Bara sanyin damina ya kashe 'yan tsaki da yawa, saboda haka bana ba mai ɗaga labule sai lamba ta kai ashirin da biyar, fitila ta yi ja, na'ura ta yi ƙara. An daina aiki da "ina ji a jikina".

Sati biyu aka yi ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Dusa ta jiƙe ta dunƙule a ƙarƙashin mazubin ruwa. Idanun Uwar Kaji suka fara. Tana durƙusawa juya dusa sai hawaye, tana miƙewa sai tari. Ta dubi bango, huɗu. Ta fita ta sha iska, ta dawo, huɗu. Kaji suka fara runtse ido, suna goga fuska a fiffike, abincin safe yana kaiwa yamma a mazubi. Ranar da ta tsinci guda bakwai a kwance matattu, ba ta yi shawara da kowa ba, ta ɗaga labule.

Ba ta sauke ba sai ga Manaja. Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa. Ya nuna bango da biro.

"Mama, nawa kika gani can?"

"Huɗu na gani, yallaɓai. Amma dubi idona."

"Idonki ba na'ura ba ne. Ki je asibiti, ƙila shekaru ne."

"Kajin ma shekaru ne? Kwanansu ashirin a duniya."

Takardar gargaɗi ta farko ke nan. Ta biyu ta zo bayan kwana tara, a kan labulen dai. Da ya miƙa mata ya ce, cikin ladabin nan nasa mai ƙona rai, ta san tsarin gidan, ta uku ita ce ta sallama.

Daga ranar Uwar Kaji ta rasa inda za ta sa kanta. Ta shiga, ta fita, ta zagaya bayan ɗakin, ta kama igiyar labule, ta saki. Ta koma juya dusa sau uku a yini maimakon ɗaya, tana kwashe jiƙaƙƙiyar da shebur har bayanta ya riƙe. Takan tsaya gaban na'urar ta yi mata magana kamar mutum. "Ke dai maƙaryaciya ce. Na ɗauke ki daga cikin kashi, na rufa miki asiri, abin da za ki saka mini ke nan?" Sannan ta sa gefen mayafi ta goge ƙurar da ke kan ledar, don ko da maƙaryaciya ce, mai tsada ce.

A gida ma ba zama. Ta ɗora tukunya ta manta gishiri, ta share tsakar gida sau biyu. Maigidan yana kan kujerarsa da ƙafa a miƙe a kan ɗan benci, yana bin ta da ido.

"Ke, zauna mana. Kina sa mini jiri."

"In na zauna wa zai ba ka abinci?"

"Abincin da ba gishiri? Na gode. Ni fa tun da kika fara auren kajin nan na san na zama ɗan haya."

"Kai dai bakinka ne bai yi haɗari ba."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta juya ta yi tari mai tsawo a bakin rariya, shi kuma dariyar ta tsaya masa.

Ran nan da hantsi haƙorin manjagararta ya karye, ta tsallaka ɗaki na biyu aro. Mai ɗakin ana ce mata Doguwa, ƙanwa ce gare ta a shekaru da aiki, mace mai sanyin jiki da ba ta ɗaukar komai da zafi. Abin da Uwar Kaji ta fara gani shi ne labulen Doguwa a ɗage, iska na shiga abinta. Dusar ƙasa kuma sabuwa ce fil.

"Ke, kin gaji da aikin ne? Sauke labulen nan kafin Manaja ya zo."

"Shi ya ce in ɗaga, Yaya. Abin nan ne ya yi ta ihu shekaranjiya, kamar an taka jariri. Har dusa aka canza mini."

Uwar Kaji ta bi hannunta da kallo. Na'urar Doguwa tana nan inda Injiniya ta bar ta, a gindin ginshiƙi, ta yi baƙi da dauɗa, gashin kaza manne a gefe.

"Dubi yadda kika bar kayan mutane. Ko ɗan rufewa ba za ki yi ba? Ƙazama kawai."

"In rufe ta ina? Ni tsoron taɓa ta nake yi. Ramukan nan kawai nake ɗan hurewa da safe, don mai gadi ya ce nan ne hancinta."

"Waɗanne ramuka?"

Ta durƙusa. A gaban na'urar, ƙarƙashin gilashin, akwai ƙananan ramuka a jere kamar na rariyar shayi. Sati biyar tana goge tata kullum, ba ta taɓa tambayar kanta amfanin su ba. Tana nan durƙushe, fuskarta daidai kan kaji, ta ga lambar ta motsa daga goma sha ɗaya zuwa sha biyu, ta koma sha ɗaya. Tata ba ta taɓa motsi ba. Huɗu da safe, huɗu da yamma.

Doguwa ta ce, "Yaya, lafiya? Ga manjagarar."

Ba ta karɓa ba. Ta fita, ta tsaya a tsakanin ɗakunan biyu, cikin yayyafi. Ita ce ta toshe wa abin hanci da hannunta, ta ɗaure da zare, sannan ta kai shi bakin ƙofa inda iska ta fi kyau a duk ɗakin. Kajin da ta kwasa a baro, sun haura sittin zuwa lokacin, ita ce ta kashe su.

Da yamma ta faɗa wa maigidan, tana tsaye, tana murza bakin zani. Ya gyara ƙafarsa a kan benci.

"To ki yi sammako ki mayar da ita inda take. Wa ya gani?"

"Manaja. Kullum a bakin ƙofa yake karantawa. In ya ɗaga kai ya ga ƙusa ba komai fa?"

"Ki cire ledar kawai, ki bar ta a sama."

"A sama iskar ƙofa za ta sha. Kaji ba a sama suke ba."

"To ki yi shiru. Saura sati nawa a kwashe kajin?"

"Biyu."

"Sati biyu ba shekara ba ne. Ki daure, a kwashe, in an zo wanke ɗaki ki mayar da ita ƙasa ki ce wanki ne ya sa. Ina faɗa miki ne don mu, ba don kaji ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Ta dubi ƙafarsa a kan benci, ta dubi takalman makarantar jikarta a bakin ƙofa. Ta ce to. Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauki bokiti ta ajiye.

Da safe ta tsinci matattu goma sha ɗaya. Wata ba ta mutu ba tukuna, tana tsaye a tsakiyar ɗaki idanu a manne, tana juya kai tana neman ruwan da ke gabanta. Uwar Kaji ta ɗauke ta, ta tsoma mata baki a mazubi. Sannan ta je ma'ajiya ta ɗauko takalmin roba mafi girma, ta tsaya da shi a bakin ƙofa tana jira.

Manaja ya iso ƙarfe tara da takardunsa. Ya ɗaga kai zai karanta, ta ajiye takalmin a gabansa.

"Sa wannan, yallaɓai. Yau ciki za ka shiga."

"Mama, ina da ɗakuna shida."

"Minti biyar. In ka fito ka rubuta abin da za ka rubuta."

Ya dube ta, ya dubi takalmin. Ƙila ya ga ba ta da niyyar matsawa daga ƙofar. Ya cire farin nasa ya jera a gefe.

Ta jawo tsani, ta hau, ta sauko da na'urar. Zaren ya ƙi kwancewa, ta sa haƙori ta yage ledar. Ta ratsa cikin kaji har ginshiƙin tsakiya, yana biye da ita yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Ta ɗaure ta a gindin ginshiƙin, ta ce masa ya durƙusa ya gani da kyau.

Ya durƙusa. Huɗu. Lambar ta tsaya kamar ba za ta motsa ba. Sai shida. Sai tara, sha huɗu, ashirin. Manaja ya fara ƙifta ido. A ashirin da biyar fitila ta juya ja, abin ya saki ƙara mai tsinin gaske, kaji suka watse gefe guda. Lambar ba ta tsaya ba sai da ta wuce arba'in. Zuwa lokacin hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarsa, yana tari yana laluben hankici.

Uwar Kaji ta ce, "Ƙila shekaru ne."

Manaja ya miƙe. Ya yi waje da sauri, ya kama igiyar labule da kansa ya ja. Ita ta ja ɗaya gefen. Suka tsaya a waje, shi yana share fuska, ƙarar na ci gaba a ciki.

"Wa ya cire ta daga inda aka sa ta?"

"Ni."

"Wa ya ce ki sa ta a leda?"

"Ba wanda ya ce. Ba kuma wanda ya ce kar in sa. Ce mana aka yi tana da tsada."

"Kin san abin da kika jawo? Kaji nawa?"

"Saba'in da huɗu da na yau. Ni na kwashe su, ba sai an faɗa mini ba."

Ya zaro biro, ya buɗe takardunsa a kan gwiwa. Ta ga farar takardar, irin biyun da ke cikin jakarta. Ta matso kusa da shi.

"Rubuta, yallaɓai. Laifina ne, ban musa ba. Sai dai ka rubuta duka, don mai gona zai karanta. Ka sa cewa sati biyar tana rataye a nan cikin leda, kullum kana tsayawa gabanta. Ni ban shiga ofis ranar bayani ba. Kai ka shiga."

Biron ya tsaya. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Injiniya ce, ashe lambobin suna zuwa mata. Uwar Kaji tana jin muryarta siririya daga inda take tsaye, tana tambaya me ya faru a ɗaki na uku, daga huɗu zuwa arba'in cikin minti kaɗan. Manaja ya juya baya ya ce an ɗan sami matsalar wurin ajiyewa ne, an gyara, zai yi mata bayani daga baya. Ta ce ita ma ta daɗe tana mamakin ɗakin da lambarsa ba ta motsi, ta yi niyyar zuwa, aiki ya riƙe ta. Kowa dai da abin da ya riƙe shi.

Ya kashe wayar, ya daɗe yana kallon takalmin robar da ke ƙafarsa. Sannan ya rufe takardun.

"Za a kawo sabuwar dusa kafin azahar. Ki kwashe wannan duka."

"To. Biyun da ke jakata fa?"

"Me ya same su?"

"A kan labule ka ba ni su. Ga labulen nan, kai ka ɗaga."

"Mama, kar ki wuce gona da iri."

Ba ta motsa ba. Ta buɗe jaka, ta fito da su a ninke, ta miƙa. Ya karɓa don ya rabu da ita, ya yaga ɗaya, ya tsaya da ɗayar a hannu.

"Wannan za ta zauna. Zan canza dalilin, in sa taɓa kayan aiki ba izini."

Ta yi tunani kaɗan. "Wannan na ci ta. Bar ta."

Ya sa farin takalminsa ya wuce ɗaki na huɗu, yana tafe yana murza ido. Doguwa, wadda ta leƙo tun da ƙarar ta fara, ta matso da manjagara biyu a kafaɗa.

"An kore ki, Yaya?"

"Saura biyu a kore ni. Jiya saura ɗaya ne. Kawo baronki, nawa tayarsa ta sace."